Ƙaryar da Na Yi wa Inna

Na san abin da aka gaya muku game da rumfarmu ta Kurmi. An ce muku kasuwa ce ta juya mini baya, wasu kuma suka ce sakaci na yi da gadon ubana har ya suɓuce. Ban taɓa musa wa kowa ba, don a wancan lokacin gara a kira ni sakarai da a san ainihin abin da ya faru. To, yanzu duk waɗanda nake jin nauyinsu sun kwanta dama, saura ku, ku kuwa bai kamata in tafi in bar ku da labarin da ba shi ne ba. Abin ya faru ne a shekarar da soja suka tattara nasu ya nasu suka miƙa wa farar hula mulki, wannan miƙawar ta ƙarshe. Ina da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, ina sayar da huluna, zanna da ƙube, a rumfar da mahaifina ya zauna cikinta tun kafin a haife ni. Muna zaune a gidanmu na Zaitawa, ni da mahaifiyarku Dije da ku biyar, sai kakarku Inna a ɗakinta na kusa da rijiya. Ni kaɗai ne namijin da ya rage mata. Yayyena maza biyu sun rasu, yayata kuma tana aure can nesa, ita ma fama take da kanta. Har furfura ta fara fito mini Inna ba ta daina kirana Auta ba.

Manyanku za su tuna ta, ƙananan kuwa sai dai a hoto. Mace ce da ta iya bayarwa amma ba ta iya karɓa ba. Da kuɗin koko da ƙosai ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ko da ta tsufa na hana ta sana'a, ba ka shiga gidan ka same ta hannu sake. Idan ba tsintar wake take ba, to tana ɗinke wa wani cikinku riga. In ka kawo mata tsaraba sai ta tambayi kuɗinta kafin ta taɓa, in ta ji da tsada ta yini tana mita. Tun cikin bazarar shekarar na lura tana tsayawa a tsakanin ɗakinta da rijiya, tafiyar da ba ta fi taku goma ba, ta dafa bango tana mayar da numfashi. Daga nan ƙafafunta suka kumbura har takalminta ya daina shiga. Mahaifiyarku ta gaya mini cewa Inna ta daina kwanciya, a zaune take barci ta jingina da bango. Na yi mata maganar asibiti sau uku, sau ukun tana ce mini tsufa ne, shi kuwa tsufa ba a kai shi gaban likita.

Wata Alhamis da hantsi, na sa hula ke nan zan fita kasuwa, sai na ji faifai ya faɗi, wake ya watse a tsakar gida. Na waiwaya na ga Inna ta dafe ƙirji da hannu biyu, bakinta a buɗe, tana jan iska iskar ba ta shiga. Leɓɓanta sun koma kamar toka. Kun san lungunmu mota ba ta shiga, don haka goya ta na yi, kamar yadda ta goya ni, na bi lungu da gudu mahaifiyarku na biye da ni riƙe da mayafinta. Numfashinta yana daidai kunnena, ina jin wani abu na ɓulɓula a ƙirjinta kamar tukunya ta kusa tafasa. Duk lokacin da ƙarar ta ɗan tsaya sai in ce shi ke nan, a bayana za ta cika. Ban san yadda na kai bakin titi ba, ban kuma san wanda ya tsayar mana da tasi ba.

Kwananmu tara a babban asibiti. A nan na san cewa gadon kawai ake ba ka, sauran komai kai za ka nemo: allura, ruwan da ake ƙarawa, auduga, har safar hannun da ma'aikaciya za ta sa. A rubuta maka 'yar takarda ka fita da sauri, kafin ka dawo an rubuta wata. Aka yi hoton ƙirji, aka yi awon jini, aka manna mata wasu wayoyi a jiki. Ranar da za a sallame mu likitan ya ja ni gefe. Mutum ne mai sanyin magana, amma bai ɓoye mini komai ba.

"Malam, zuciyar Hajiya ta gaji. Hawan jini ya daɗe yana cinta ba a sani ba. Maganin da zan rubuta ba na warkewa ba ne, na riƙewa ne. Kullum za ta sha, har iyakar kwananta."

Na ce, "Idan aka samu tsaiko fa, likita?"

"Kada a samu. In ta daina, ruwan zai sake taruwa, kuma ba lallai ka iso da ita nan da rai ba. A rage mata gishiri, a hana ta kanwa. Abu na uku shi ne mai wuya: a kiyaye ta da ɓacin rai da mummunan labari."

Kuskuren farko a ranar na yi shi. Maimakon in kai ta mota tukuna, sai na zaunar da ita a benci kusa da tagar da ake sayar da magani. Mai bayarwa ya haɗa na wata ɗaya, ya ɗaga murya ya faɗi kuɗin yadda duk wanda ke kan layi sai da ya ji. Kuɗi ne da ya fi ribar da rumfata ke kawowa a mako uku idan kasuwa ta yi kyau. Na juya na ga Inna tana kallona. Haka muka iso gida. Da mahaifiyarku ta kawo mata ruwa da ƙwayoyin a tafin hannu, sai ta kawar da kai.

"Auta, nawa ne buhun gero yanzu?"

Na ce, "Inna, ki bar wannan maganar, ki sha."

"Na ji abin da mutumin nan ya faɗa. Wata ɗaya ke nan. In na yi shekara fa? In Allah ya ja kwana na yi biyar? Ka sayar da huluna, ka sayar da rumfar ubanka, yaran nan su koma kallon tukunyar maƙwabta, duk don tsohuwar da ta riga ta ci zamaninta? Ba da ni ba. Ka mayar musu da abinsu."

"Ba a mayarwa, Inna."

"To ka ajiye wa mai sauran kwana. Kuma ka ji da kyau, in ka taɓa rumfar nan saboda ni, ban yafe ba."

Kwana huɗu ta yi ba ta sha ba. Na roƙa, na durƙusa, na kawo mata limamin unguwa ya yi mata nasiha cewa neman magani ba ya karo da tawakkali. Ta saurare shi da ladabi, ya fita, ta ci gaba da abinta. A kwana na uku kumburin ya hau har gwiwa, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. A na huɗu na fara jin ɓulɓular nan daga bakin ƙofa. Ina zaune a rumfa amma hankalina na gida. Duk wanda na hango ya nufo ni da sauri sai gabana ya faɗi, in ce aike ne. Mutum ya tambayi kuɗin hula in tsaya ina kallonsa kamar da wani yare ya yi magana.

A makonnin nan ba a daɗe da rantsar da sabuwar gwamnati ba, gari ya cika da zance. Kowace rumfa da rediyonta, kowace rediyo da mai alkawari a cikinta: za a kawo ruwa, za a gyara makarantu, talaka zai ga likita ba tare da ya sayar da akuyarsa ba. Ina jin wannan ta ƙarshe daga rediyon maƙwabcina sai wata dabara ta faɗo mini. Ban tsaya na auna ta ba, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na sayi 'yan fararen ambulan irin waɗanda ake zuba ƙwaya a ciki a asibiti, na ɓare magungunan daga kwalayensu na juye, na samu wani kati na rubuta sunanta da lamba. Na shiga gida da fara'ar da na aro.

"Inna, albishirinki. Farar hula sun fara aiki. An ce duk tsohon da ya haura saba'in mai ciwon zuciya, magani kyauta. Ga katinki, na sa sunanki."

Ta karɓi katin ta jujjuya shi, ita da ba ta karatun boko. "Kyauta? Ba ko sisi?"

"Ko sisi."

"Ka rantse."

A nan na yi abin da har yau nake neman gafararsa. Ban ambaci sunan Allah ba, amma na ce mata, "Inna, na taɓa yi miki ƙarya?" Ta dube ni, ta ce a'a, ta miƙa hannu. Mahaifiyarku tana tsaye da kofin ruwa. Da muka koma ɗaki ta ce mini ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na ce mata furen nake so, in dai Inna za ta kai baɗi.

Kuma maganin ya yi aiki. Cikin mako biyu ƙafafun suka saɓe, ta koma kwanciya a kan gadonta, ta koma faɗa da ku a kan ɓarnar ruwa. Ni kuwa na shiga sayar da manyan hulunan da na ajiye don sallah a kan kuɗin da bai kai na sari ba. Kowane wata a koma ganin likita, wani lokaci a ƙara ƙwaya, wani lokaci a sake awo, farashin kuma bai taɓa tsayawa inda na bar shi ba. Kafin damina ta yi nisa rumfar ta zama fanko. Na sayar da ita ga maƙwabcina na kasuwa, da sharaɗi ɗaya: ya bar ni in riƙa zama a gefen tabarma ina yi masa dillanci, don duk ɗan unguwarmu da ya wuce ya gan ni inda ya saba ganina. Kullum da safe in sa hula in yi wa Inna sallama, ta ce Allah ya ba da kasuwa, in amsa. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne addu'arta. Bayan kowace salla sai ta ɗaga hannu ta sa wa gwamnati albarka, ta ce ba ta taɓa zaton za ta ga masu mulkin da suka tuna da tsofaffi ba. Na hana ta gaya wa kowa, na ce an ce a yi shiru don kada mutane su yi yawa. Amma abin alheri ba ya zama a bakin Inna.

Akwai ƙawarta ta tun ƙuruciya, Gwaggo Asabe, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini, amma ita ta yanke mini cibiya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta ba wanda ya rayu, tana zaune a ɗaki ɗaya a gidan dangin mijin tana sana'ar daddawa. Ita ma tana da hawan jini, kuma ta fi Inna kula da kanta, don duk ranar Juma'a takan ware wani abu daga cinikinta ta sayi ƙwayoyin mako a kemis ɗin bakin titi. Shekara da shekaru haka take yi, ba ta taɓa roƙon kowa ba. Wata ranar Asabar na dawo na same su zaune su biyu a ƙofar ɗakin Inna, katin nan yana hannun Gwaggo.

"Auta, ashe abin arziki ya samu ka ɓoye mini? Ni ba tsohuwa ba ce?"

Inna ta ce, "Gobe ka sa sunanta. Ai ta girme ni da shekara guda."

Me zan ce? In na ce babu, Inna za ta tambayi dalili. Na ce to. Na yi wani katin, na ƙaro ambulan, na karɓi takardar maganinta na riƙa saye ina juyewa. Bayan mako guda wasu tsofaffi uku suka yi sallama da ni a zaure, na ce musu an rufe rajista sai wata shekara, suka tafi suna cewa dama su ba su da sa'a. Na Gwaggo kuwa na ci gaba da kawowa wata uku cur. Da ta ga ta huta da sayen magani, sai ta kwashe ɗan abin da take warewa ta sa aka gyara mata rufin ɗakinta da ya daɗe yana yoyo. Har ta kira ni in gani, tana murna.

A wata na huɗu abubuwa suka haɗe mini. Kuɗin rumfa ya kusa ƙarewa, dillanci ba ya kawo abin kirki, aka koma makaranta, likita kuma ya canja wa Inna ƙwaya ɗaya zuwa wadda ta fi tsada. Abin da ke hannuna na mutum ɗaya ne. Na sayi na Inna. Na shiga wurin Gwaggo na same ta tana tsame kalwa, na ce mata motar da ke kawo irin nata maganin ba ta iso ba.

"Ba komai, Auta, aikin gwamnati sai haƙuri. Ko in nemi na kwana biyu a kemis kafin ta zo? Sai dai in rage kalwar da zan saro."

Ku lura da wannan wurin, don a nan laifina yake, ba a sayar da rumfa ba. Da na ce mata e, da ta saya. Amma na ji kunyar in bar tsohuwa ta taɓa jarinta bayan ni na ɗauke mata nauyin, kuma na sa rai da wani ciniki da nake ganin zai faɗa cikin kwana biyu. Sai na ce:

"A'a, Gwaggo, bar kuɗinki. Jibi zai zo."

Cinikin bai faɗa ba. Jibi ta zama gata, gata ta zama mako. Na koma bin wani lungun don kada in wuce ta ƙofarta. Kullum in ce gobe zan je in ce mata ta saya kawai, kullum in kasa, don ban san amsar da zan ba ta ba in ta tambayi abin da ya sami motar. Ita kuma ba ta sake tambaya ba, saboda kara. A kwana na goma sha ɗaya, ina dawowa bayan Azahar, na hango mata sun yi cincirindo a ƙofar gidansu. Tun kafin kowa ya yi magana na sani. An same ta a ƙasa kusa da tukunyar daddawa, bakinta ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Ni na ɗauke ta, na bi lungun nan da na bi da Inna. A asibiti likitan da ya karɓe ta ya auna jininta, ya girgiza kai, ya tambaya ko tana shan magani. Wata mata daga gidansu ta ce tana sha, na gwamnati, amma ya yanke kwanan nan. Likitan ya ce wane na gwamnati? Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce irin wannan magani ba a yanke shi rana ɗaya, wa ya ce ta daina? Ina tsaye a wurin, na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Mun so mu ɓoye wa Inna, amma kukan mata ya riga ya tsallaka katanga. Kwana biyu ina lura da ita kamar mai gadin ƙwai, ina ƙirga numfashinta daga nesa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ci abincin kirki ba. A rana ta uku bayan La'asar na shigo gida na tarar da ita a kan sallaya a tsakar gida, ta idar da salla ba ta tashi ba. Mahaifiyarku na bakin murhu. Inna ta tambaye ni jikin Asabe, na ce da sauƙi, amma har yanzu ba baki. Ta gyaɗa kai. Sai ta juya ta fuskanci alƙibla, ta ɗaga hannuwanta sama, ta ɗaga murya yadda ban taɓa jin ta yi a addu'a ba.

"Ya Allah, kai ne mai gani. Baiwarka ba ta roƙi kowa ba, tana sayen abinta da guminta. Aka ce ta bari, ta bari. Ya Allah, duk wanda ya riƙe maganin Asabe, ko wane ne shi, ko ɗan wane ne, kada ka ba shi..."

Ban san lokacin da na tsallake tsakar gidan ba. Na faɗi a gabanta na kama hannuwanta biyu na sauke su ƙasa. Tun da nake ban taɓa katse ta a magana ba, balle a addu'a. Tsoro biyu ne suka haɗu a kaina: in na yi shiru, bakin uwata zai sauka a kaina, ita ba ta sani ba, in na yi magana, likita ya ce mummunan labari zai iya tsayar da zuciyarta. Na zaɓi na biyun ne ba don jarumta ba, sai don na farkon ya fi ƙarfina.

"Inna, don Allah kada ki ƙarasa. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na riƙe. Babu maganin gwamnati, Inna. Ba a taɓa yi ba. Ni nake saye, naki da nata. Katin ni na rubuta."

Ta zare hannuwanta daga nawa a hankali. Ina kallon jijiyar wuyanta tana harbawa, ina jiran in ga leɓɓan sun sake komawa toka. Mahaifiyarku ta saki muciya ta matso.

"Da wane kuɗi?"

Ta ƙura mini ido.

"Auta. Rumfar?"

"Na sayar."

"Kullum da kake fita fa?"

"Dillanci nake yi a gefenta."

Ta dubi mahaifiyarku. "Dije, ke ma da ke?" Mahaifiyarku ta durƙusa tana kuka. Inna ta daɗe tana numfashi da baki, hannunta ɗaya a ƙirji, mu biyu muna durƙushe ba mai iya motsi. Na riga na fara lissafin yadda zan sake goya ta. Can sai ta dafa ƙasa ta miƙe da kanta, ta ƙi hannun da na miƙa mata, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. In na gaishe ta daga bakin ƙofa sai in ji shiru, in tsaya har sai na ji motsinta sannan in tafi. Abin da na fi tsoro shi ne ta koma ƙin shan magani, amma mahaifiyarku ta ce tana sha, sai dai ta ce a daina kawo mata a farar ambulan, a kawo a kwalinsa. A rana ta huɗu ta aika aka kira dillaliya. Ta fitar da jeren tasoshinta na aure da ta adana fiye da shekara hamsin, da 'yan kunnen zinariyar da mahaifina ya sayo mata, da gadon ƙarfenta, ta ce a sayar. Sannan ta kira ni.

"In an sallami Asabe, nan za a kawo ta, ɗakina. Katifa biyu a ƙasa sun ishe mu. Daga yau duk ƙwayar da za ta shiga gidan nan, tawa ko tata, za ka gaya mini kuɗinta. In babu, ka ce babu. Kuma kai za ka gaya mata abin da ka yi, da bakinka, ina zaune."

Haka aka yi. Aka kawo Gwaggo bayan mako biyu, rabin jikinta a mace. Maganarta duk ta tafi, kalma ɗaya ce ta rage a bakinta, ita ce "to". Da ita take neman ruwa, da ita take amsa gaisuwa, da ita take nuna ciwo. Na zauna a ƙasa kusa da katifarta, Inna na gefe da carbi, na faɗa mata komai tun daga tagar asibiti har zuwa jibin da na ce mata. Tana kallona da idon nan na dama da ke zubar da ruwa tun da ciwon ya same ta, don haka ban san ko kuka take ba. Da na gama na ce ta yafe mini. Sannan ta ɗago hannun hagu ta kama wuyan hannuna, ta riƙe da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, ta ce:

"To."

Kun san yawan abin da Bahaushe ke nufi da wannan kalma. Akwai to ta na yarda, akwai ta na ji, akwai ta je ka, Allah na nan. Na juya ta a raina shekara da shekaru, ban gano wacce ta ba ni ba.

Gwaggo ta yi wata goma sha huɗu a ɗakin nan. Inna ce ke ba ta abinci a baki, tana haki tana hutawa, mahaifiyarku na yi mata wanka da juyi. Akwai watannin da na shiga na ce babu, Inna ta ciro wani abin daga ƙasan adakarta ta ce a kai kasuwa. Ba a sake yanke wa ɗayarsu magani ko na yini ɗaya ba. Bayan rasuwar Gwaggo, Inna ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni. A ciwonta na ƙarshe, wata safiya da ta ɗan samu sauƙi har ta sha kunu, na zauna kusa da ita na ce ta yafe mini rumfar, da ƙaryar, da komai. Ta ɗora hannu a kaina kamar ina yaro.

"Rumfa ai itace ce da kwano, na yafe tun ranar. Ƙaryar ma na yafe, na san don ni ka yi. Duk abin da yake nawa na yafe maka, Auta, duniya da lahira." Ta mayar da numfashi. "Na Asabe kuwa ba ni da iko da shi."

Don haka ga roƙona gare ku. Duk wanda ya ɗaga hannu zai yi wa kakarku addu'a, ya haɗa da Asabe mai daddawa. Ba ta bar ɗa ko jika da zai ambaci sunanta ba, kuma ni ina da tsayuwa da ita a gaban Allah.